Yadda Za Ka Warware Rikicin Gadon Sarauta a Fadar Manchu

Mai fara karatun tarihin daular Qing, gidan Manchu da ya mulki ƙasar Sin daga 1644 zuwa 1912, yakan shigo da tunanin cewa ɗan fari ne ke gado, daga nan ruɗuwa ke soma masa. Hong Taiji ɗa na 8 ne a wajen mahaifinsa, Shunzhi na 9, Kangxi na 3, Yongzheng na 4, Qianlong na 4, Jiaqing na 15. Manchu ba su zo da dokar ɗan fari ba. Abin da ke raba gardama ya riƙa sauyawa ne da zamani: da farko yawan mayaƙa, daga baya takarda a cikin akwati, daga ƙarshe hatimi a hannun uwar sarki. Aikinka a kowane rikici shi ne ka gano wanne daga cikin ukun ke da ƙarfi a wannan shekarar, kafin ka saurari labarin wane ne sarki ya fi so.

Gyara sunaye da shekaru tukuna

Samu takarda mai faɗi ka raba ta gida biyar: lambar ɗan sarki, sunan yankansa, matsayinsa na sarauta, mahaifiyarsa da danginta, sai tutar da yake ciki, wato rundunar Manchu da ake lissafa shi a cikinta. Lambar ita ce madogararka, domin sunayen za su yaudare ka. A rubutun boko, ɗan Kangxi na 1 da na 3 duk Yinzhi ake rubuta su. Na 4 Yinzhen ne, na 14 kuma wasu littattafai su ce Yinti, wasu su ce Yinzhen. Bayan na 4 ya hau gado sai ya sa 'yan'uwansa suka mayar da Yin ɗin sunansu Yun, ka ga mutum ɗaya ya zama da suna biyu. Lambar ma ba jerin haihuwa ba ce tsantsa: Kangxi ya haifi maza 35, amma 24 ne aka sa a lissafi, an tsallake waɗanda suka rasu suna ƙanana.

Gaɓar farko ta suna tana nuna tsatso. Jerin shi ne Yin, Hong, Yong, Mian, Yi, Zai, Pu. Duk mai Zai sa'an duk mai Zai ne a zuriya, ko da shekara talatin ce tsakaninsu. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani a rikicin 1875.

Takardun fada da shekarar mulki suke lissafi, kuma shekara ta farko tana farawa ne daga sabuwar shekarar da ta biyo bayan hawan gado. Don haka a zamanin Kangxi ka ƙara 1661 a kan lambar: shekara ta 47 ita ce 1708. A na Yongzheng ƙara 1722, a na Qianlong ƙara 1735. Inda ake tuntuɓe shi ne watan 12 na kalandarsu, wanda galibi yake faɗawa cikin Janairu. Shi ya sa za ka ga mutuwar janar Nian Gengyao a wani wuri 1725, a wani 1726. Watan 12 ne na shekara ta 3 ta Yongzheng, wato Janairun 1726. Shekarun haihuwa kuma, jariri yana da ɗaya tun ranar da ya faɗo, ana ƙara masa ɗaya duk sabuwar shekara. Cire ɗaya, wani lokaci biyu. Yaron da aka ce ya hau gado yana da shida, a lissafinmu biyar gare shi.

Matsayin sarauta daga sama shi ne qinwang, junwang, beile, beizi. Ka riƙa rubuta shekarar da aka ba kowa nasa, domin nan sarki ke faɗin abin da bakinsa bai furta ba. A 1698 Kangxi ya ba na 4 da na 8 matsayin beile tare. A 1709 na 4 ya tsallaka zuwa qinwang, na 8 yana nan inda yake. Wannan layi ɗaya ya fi shafi goma na hasashe.

Kafin 1650, ƙirga tutoci

Nurhaci, wanda ya kafa gidan kuma mahaifin Hong Taiji, ya tsara al'ummarsa cikin Tutoci Takwas a wajajen 1615: rawaya, fara, ja da shuɗiya, kowace kala akwai zalla akwai mai zagayen gefe. A ƙa'ida maza 300 ne ƙungiya ɗaya da suke kira niru, niru biyar jalan ɗaya, jalan biyar tuta ɗaya, wato 7,500, ko da yake a zahiri wata tutar ta fi wata nesa ba kusa ba. Tuta ba rundunar yaƙi kaɗai ba ce, har da iyalai da bayi da rabon ganima, kuma mutanenta ga yarima mai tutar suke biyayya. Masu tutocin nan su ne masu zaɓen sarki.

Gwada da 1626. Nurhaci ya rasu bai ayyana magaji ba. Babban ɗansa Cuyen shi da kansa ya sa aka kashe shi a 1615. Manyan yarimomi huɗu ne: Daishan, Amin, Manggultai da Hong Taiji. Barazanar da ke gabansu ita ce Abahai, matar marigayin, mai 'ya'ya uku, Ajige da Dorgon da Dodo, waɗanda mayaƙan mahaifinsu za su koma hannunsu. Aka tilasta mata ta bi mijinta kabari, aka naɗa Hong Taiji. Abin da ya yi daga baya ya kamata ka bi shi shekara-shekara: ya ɗaure Amin a 1630, ya rage wa Manggultai matsayi, a 1635 ya ƙwace tutar gidansa.

Rikicin 1643 shi ne ya fi koyar da wannan lissafi. Hong Taiji ya rasu farat ɗaya, shi ma babu wasiyya. Zana tebur: tutocin rawaya biyu na marigayin ne, shuɗiya zalla tana hannun babban ɗansa Hooge, farare biyu na Dorgon da 'yan ɗakinsu, jajaye biyu na gidan Daishan, shuɗiya mai gefe ta Jirgalang. A ido Hooge ne a gaba. Kuskuren da ake yi shi ne a lissafa masa tutocin rawaya kai tsaye. Abin da shugabanninsu irin su Soni da Oboi suka kafe a kai shi ne lallai ɗan marigayi ya gada, domin idan Dorgon ya hau, tutocinsa ne za su zama na sarki, su kuma su koma baya. Ranar taro a fadar Mukden, wato Shenyang ta yau, suka kewaye zauren da makamai. Dorgon ya ga babu hanyar hawa sai da jini, sai ya ba su ɗan marigayi, amma ba Hooge ba: Fulin, wato Shunzhi, ɗan shekara biyar, shi da Jirgalang a matsayin masu riƙo. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kashe ɗan Daishan da jikansa saboda sun ci gaba da zuga a naɗa Dorgon. Hooge ya mutu a tsare a 1648. Saboda haka, ga kowace tuta ka yi tambaya biyu: wa take so, kuma me take tsoro. Ta biyun ce ke nuna inda za a sasanta.

Dorgon ya rasu a ranar ƙarshe ta 1650. Cikin watanni aka tsige masa duk wata daraja, tutarsa fara zalla ta koma hannun sarki. Tun daga nan sarki ke da uku, rawaya biyu da fara zalla, kuma ba a sake samun yarima da zai iya ja da gadon da mayaƙansa ba. Daga wannan shekara ka rage wa ƙirgar tutoci nauyi.

Zamanin Kangxi: dubi dangin uwa da mai tsaron ƙofa

A 1661 agana ta kashe Shunzhi. Aka zaɓi Xuanye, wato Kangxi, ɗan shekara shida, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ya riga ya yi aganar ya warke. Don gudun wani Dorgon, masu riƙo huɗun da aka naɗa babu ɗan gidan sarauta ko ɗaya: Soni, Suksaha, Ebilun da Oboi, duk daga tutocin sarki. Bai hana komai ba. Oboi ya sa aka kashe Suksaha a 1667, sai a 1669 yaron sarki ya sa aka cafke shi.

Kangxi ya gwada hanyar Sinawa, ya ayyana magaji a fili: Yinreng, ɗan uwargidansa da ta rasu wajen haihuwarsa a 1674, aka naɗa shi tun yana jariri. Matsalar wannan tsari ita ce sarkin ya yi shekara 61 a kan gado. Magaji ya girma, ya tara fadawansa, fada ta zama biyu. A nan gida na huɗu na takardarka zai yi aiki. Mahaifiyar Yinreng jikar Soni ce, kuma Songgotu, ɗan Soni, shi ne ginshiƙin yaron. Abokin hamayyarsa Mingju ana danganta shi da ɓangaren ɗa na 1. An sauke Mingju a 1688; Songgotu ya mutu a tsare a 1703. Duk lokacin da ka ga an kayar da babban minista, duba wane yarima ne ya rasa bango.

A 1708, ana cikin tafiyar farauta, Kangxi ya tsige Yinreng. Cikin watanni ɗa na 3 ya kai ƙarar na 1 cewa ya sa wani malamin addinin Buda ɗan Mongoliya ya yi wa magajin sammu, aka tsare na 1 har ƙarshen rayuwarsa. Sannan sarki ya ce manyan fada su ba shi sunan wanda suke ganin ya dace. Suka haɗu a kan na 8, Yinsi, ciki har da Maci da Alingga da Tong Guowei, wanda kawun sarki ne kuma surukinsa. Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ba a gaban Kangxi ba. Ya karanta wannan haɗin kai a matsayin ƙungiyar da za ta iya juya shi, ya goranta wa Yinsi ƙasƙancin dangin mahaifiyarsa, ya mayar da Yinreng a 1709, ya sake tsige shi a 1712, bai ƙara ayyana kowa ba. Don haka yawan magoya baya, bayan 1650, ka rubuta shi a gefen haɗari. Na 4 kuwa ya yi lamɓo, yana nuna shi ba ruwansa.

Idan ka zo daren 20 ga Disamba 1722, lokacin da Kangxi ya rasu a lambun Changchun a wajen Beijing, ajiye batun soyayya ka zana taswira. Na 14, wanda mutane da yawa ke ganin shi ne zaɓin, yana can arewa maso yamma, an tura shi tun 1718 ya jagoranci yaƙi da Mongolawan Dzungar. Hanyar abincin rundunarsa ta ratsa yankin Nian Gengyao, gwamnan Sichuan da Shaanxi, wanda ƙanwarsa matar na 4 ce. Rundunar da ke tsaron ƙofofin Beijing tara tana hannun Longkodo, ɗan Tong Guowei, kuma shi ne ya sanar da cewa na 4 aka bar wa gado. Taswirar ba ta tabbatar da maguɗi ba, amma ta nuna dalilin da ya sa babu wanda ya iya motsi.

Za ka ci karo da sanannen zancen cewa an gyara harafi ɗaya a wasiyya, “na goma sha huɗu” ya koma “ga na huɗu”. Kada ka ɗauke shi. Irin waɗannan takardu har da harshen Manchu ake rubuta su, inda wannan dabara ba ta yiwuwa, kuma salon fada yana sa harafin da ke nufin “na sarki” kafin lambar ɗa, wanda zai ɓata jimlar idan an yi gyaran. Rushe wannan zance bai wanke Yongzheng ba. Masana har yau sun rabu. Abin da ba a gardama a kansa shi ne abin da ya biyo baya: na 8 da na 9 an cire su daga zuriya, an laƙaba musu sunayen wulaƙanci, sun mutu a tsare a 1726, Nian Gengyao an umarce shi ya kashe kansa, Longkodo ya mutu a tsare a 1728, na 14, wanda uwa ɗaya suke da sarki, sai a 1735 aka sake shi.

Tambayi wanda ya rubuta

Kundin tarihin kowane sarki magajinsa ne ke sa a haɗa shi. Labarin rasuwar Kangxi a hukumance, ma'aikatan Yongzheng ne suka tsara. Laifuffukan Dorgon maƙiyansa ne suka jera, sai a 1778 Qianlong ya mayar masa da darajarsa. Yongzheng ya kuma umarci a dawo da duk wasiƙun sirri da sarki ya yi wa sharhi da jan tawada, wanda ya sa suka tsira a taskokin Beijing da Taipei, amma ya sa fada ce ke da ikon abin da ya rage. Hanyar aiki ita ce ka ɗora kundin hukuma kusa da shaidar da fada ba ta da iko a kanta, kamar rahoton jakadun Koriya da wasiƙun limaman Katolika da ke aiki a fadar. Su ma ba tsarkakakku ba ne: jakadun jita-jitar gari suke kwasa, limaman kuma suna da alaƙa da ɓangaren na 9. Inda biyun suka dace, ka tsaya. Inda suka saɓa, rubuta duka biyun da sunan mai faɗa.

Akwatin sirri da inda yake cijewa

A 1723 Yongzheng ya tara manyan fada ya shimfiɗa sabon tsari. Sarki zai rubuta sunan magaji da hannunsa, ya rufe a akwati, a ɗora shi bayan babban allon da ke rataye sama da gadon mulki a zauren Qianqing. Zai ajiye kwafi na biyu a tare da shi. Ranar da ya rasu, yarimomi da ministoci su buɗe a gaban juna, su gwada biyun. Babu magaji a fili, babu fada ta biyu, masu zaɓen sarki kuma sun zama 'yan shaida kawai. Majalisar yarimomi da ministoci ta ci gaba da shuɗewa har Qianlong ya soke ta a farkon shekarun 1790.

Ga wuraren da za ka duba. Na farko, ina sarki ya mutu? Yongzheng a Yuanmingyuan ya rasu a 1735, nesa da allon, sai da Zhang Tingyu da Ortai suka sa aka nemo kwafi na biyu. Jiaqing ya rasu kwatsam a Chengde a 1820, aka shiga ruɗani wajen neman takardar, har uwargidansa ta aiko da umarni daga Beijing cewa Minning, wato Daoguang, ɗan kishiyarta, ya hau, alhali tana da nata 'ya'yan maza biyu. Na biyu, wanda aka rubuta yana iya riga sarki mutuwa: Qianlong ya rubuta Yonglian a 1736, yaron ya rasu a 1738, sai a 1773 ya rubuta Yongyan, wato Jiaqing, ya ɓoye shekara 22. A tsakanin nan mutane suka ɗauka babu magaji, har wani ɗalibi ya tare shi da takardar roƙo a 1778, aka kashe shi. Na uku, sarki mai zuciya biyu yana iya barin ƙura a cikin akwatin kansa. Wasiyyar Daoguang ta naɗa na 4, Yizhu, wato Xianfeng, magaji, a takarda guda kuma ta ɗaga na 6, Yixin, zuwa qinwang. Wannan shi ne Yarima Gong, kuma zargin da ke tsakaninsa da wansa ya bi su har 1861.

Sau huɗu tak tsarin ya fitar da sarki: Qianlong, Jiaqing, Daoguang da Xianfeng. Yana buƙatar 'ya'ya da yawa, su kuwa suka ƙare.

Daga 1861, bi hatimi

Xianfeng ya rasu a Chengde da ɗa ɗaya tilo, Zaichun, wato Tongzhi, ɗan shekara biyar. Ya naɗa masu riƙo takwas, Sushun da Zaiyuan da Duanhua ne jagororinsu, bai sa Yarima Gong ba. Don ya taka musu burki ya bar hatimi biyu, ɗaya ga uwargidansa Ci'an, ɗaya ga yaron, wanda mahaifiyarsa Cixi ta riƙe. Umarni ba ya aiki sai an buga ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe. Rubuta wa ke tsara umarni, wa ke buga hatimi, wa ke riƙe da Beijing. Takwas ɗin na farkon kawai gare su. Da za a koma da gawa, matan biyu suka yi gaba da yaron, Sushun ya biyo a hankali tare da makara. Kafin ya iso an riga an buga umarnin kama su. A Nuwamban 1861 aka fille wa Sushun kai, Zaiyuan da Duanhua aka ba su umarnin kashe kansu.

A Janairun 1875 Tongzhi ya rasu babu ɗa. A ƙa'ida daga tsatson Pu ya kamata a ɗauko yaro, ya zama ɗan marigayi, ya yi masa hidimar kakanni. Amma da an yi haka matar Tongzhi ce za ta zama uwar sarki, hatimi ya bar hannun Cixi. Sai ta ɗauko Zaitian, wato Guangxu, ɗan shekara uku, ɗan ƙanwarta da Yarima Chun, mai Zai kamar marigayin, aka mayar da shi ɗan Xianfeng. Wani jami'i, Wu Kedu, ya kashe kansa a 1879 don nuna ƙin amincewa da barin Tongzhi babu magaji. A irin wannan zaɓe, tambayar da za ka rubuta a saman shafi ita ce ɗan wa aka mayar da yaron a takarda, domin amsar ce ke nuna wace mace za ta riƙe mulki.

Da ita za ka karanta sauran. A 1900 Cixi ta ayyana Pujun, ɗan Yarima Duan, magajin Tongzhi alhali Guangxu na raye, aka soke naɗin a 1901 bayan mahaifinsa ya faɗi saboda goyon bayan 'yan tawayen Boxer. Guangxu ya rasu ranar 14 ga Nuwamba 1908, Cixi washegari, kuma binciken da aka bayyana a 2008 ya sami gubar asenik mai yawa a gashinsa da tufafinsa. Puyi, ɗan shekara biyu, aka rubuta shi magajin Tongzhi da Guangxu gaba ɗaya, mahaifinsa Zaifeng ya zama mai riƙo, matar Guangxu, Longyu, wadda 'yar ƙanen Cixi ce, ta zama uwar sarki. Ita ce ta amince da takardar murabus ta 12 ga Fabrairu 1912.